Ina shirin sayen tsohon Triumph Bonneville na 1970: me zan bincika kafin in biya?

Nura, Coventry

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani ciniki da nake shirin shiga, domin na san a cikinmu akwai waɗanda suka fi ni sanin babura nesa ba kusa ba. Wani dattijo Bature da ke wani ƙauye kusa da nan ya sa babur ɗinsa a kasuwa, Triumph Bonneville ne samfurin T120R na shekarar 1970, yana neman fam 9,000. Ya ce daga Amurka aka dawo da shi 'yan shekarun baya, an yi wa injin garambawul, an sake fenti, kuma a hotunan da ya turo mini yana ƙyalli kamar jiya aka fito da shi daga masana'anta. Abin da ya ƙara jan hankalina shi ne a Meriden aka ƙera shi, tsakanin Coventry da Birmingham, hanyar da nake bi kusan kullum zuwa wurin aiki, ko da yake an rushe masana'antar tun 1984 an gina gidaje a filin, har aka sa wa wani layi suna Bonneville Close. Mai babur ya ce akwai wani da zai zo gani ranar Lahadi, saboda haka idan ina so in tura fam 500 kafin alƙalami ya ajiye mini. Ban taɓa mallakar babur da ya wuce shekara goma da ƙerawa ba. Ta ina zan fara?

Alhaji Mansur, Landan

Wa alaikumus salam, Nura. Kada ka tura ko sisi tukuna, domin wannan cinikin biri a sama ne, kuma zancen wani mai zuwa ranar Lahadi tsohuwar dabara ce da dillalan ko'ina suke amfani da ita, ko da kuwa wani lokacin gaskiya ne. Ka roƙe shi hotuna uku kawai, waɗanda ba su da kyan gani amma sun fi duk waɗanda ya turo maka amfani: lambar shasi, lambar inji, da shafin takardar rajista ta V5C inda aka rubuta lambobin biyu. Lambar shasi tana gefen hagu kusa da wuyan babur, ta inji kuma tana gefen hagu a jikin kwanon injin, ƙasa da silinda.

Dalilin da ya sa na fara da nan shi ne, a Meriden lamba ɗaya ake buga wa inji da shasi na kowane babur, don haka idan sun bambanta ka san an yi musanya a wani lokaci. Daga samfurin 1969 kamfanin ya fara sa haruffa biyu a lambar, na farko yana nuna wata, na biyu yana nuna shekarar samfuri. A shekaru, C na nufin 1969, D na nufin 1970, E na nufin 1971. A watanni, A Janairu ne, B Fabrairu, haka har zuwa X wanda yake Disamba, amma sun tsallake wasu haruffa kamar F da I. Kafin wannan tsari, injinan 650 na 1963 zuwa sama da DU suke farawa. Haka kuma daga 1969 wurin da ake buga lambar inji ɗan tudu ne mai ɗauke da ƙananan tambarin Triumph a ƙarƙashin lambobin, an yi haka ne don a gane idan wani ya goge ya sake bugawa. Idan ka ga tudun ya yi santsi kamar madubi, ko ya lotsa, to ka yi tambaya.

Kada ka yi tsammanin doguwar lamba mai haruffa 17 irin ta motarka, wannan tsari sai a 1981 ya zama na bai ɗaya. Tun da kuma daga Amurka ya zo, ka tambaye shi shaidar sanar da hukumar haraji shigowarsa, wadda ake kira NOVA, da takardar tabbatar da shekarar ƙira da aka kai wa DVLA, hukumar rajistar ababen hawa ta nan, kafin a ba shi lamba. Idan lambar rajistarsa ta fara da Q, ma'anarta hukuma ba ta gamsu da shekarunsa ko asalinsa ba.

Baba Ilu Bakanike, Kano

Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Alhaji Mansur ya yi maganar takarda, wannan fanninsa ne, ni ƙarfe na sani. Na fi shekara arba'in ina kwance Vespa da Honda, kuma maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, a kan baburan Ingila ya fara, daga bakinsa na ji yawancin halinsu.

Ɗana Nura, ka ce wa mutumin nan kada ya tayar da babur ɗin kafin ka zo, kuma ka je da sassafe. Da isarka, kafin ku gama gaisawa, ka ɗora tafin hannunka a kan silinda. Idan da ɗumi, to an riga an tayar da shi, kuma injin da ya yi ɗumi yana ɓoye ciwonsa kamar yadda mara lafiya yake ƙarfafa jiki a gaban baƙi. Ka durƙusa ka dubi ƙasa inda yake kwana, ka dubi ƙarƙashin injin, ka ga ko an goge shi yanzu-yanzu. Ka buɗe tankin fetur ka haska fitila ciki, domin tsatsar da ke cikin tanki ita ce take bin mai ta toshe kafireta. Sannan ka bar mai shi ya buga kik da kansa kana kallo, ka ƙirga sau nawa ya buga.

Idan ya tashi, ka koma baya ka dubi salansa biyun. Hayaƙi mai shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa, ko ringi ne ko bawul. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, wannan gyaran kafireta ne, mai sauƙi. Ka buɗe murfin tankin baƙin mai yana aiki, ka tabbata kana ganin man yana dawowa, domin irin wannan inji a tanki daban yake ajiye mansa, famfo ne yake kai shi ya dawo da shi. Sai ka saurara. Ƙarar cak-cak daga sama ba abin tsoro ba ce, saiti ne. Amma bugu mai nauyi daga ƙasa, kamar ana daka a turmi a gidan maƙwabta, wannan kuɗi ne masu yawa. Bayan haka ka ɗaga ƙafar gaba ka juya kan hagu da dama, ka ji ko yana maƙalewa a tsakiya, ka kama tayar baya ka girgiza gefe da gefe, ka tsaya daga baya ka auna da ido ko tayoyin biyu suna layi ɗaya. Fenti mai kauri a wuyan shasi yakan rufe walda.

Injiniya Bashir, Kaduna

Ina gaida Baba Ilu da Alhaji. Ni kuma, tare da girmamawa, tambayar da nake ganin ya kamata a fara yi ita ce ko wannan babur ne ya dace da mutumin da bai taɓa riƙe tsohon inji ba. Nura ya yi maganar tarihi, to tarihi ana iya bincikarsa, amma amincin Bonneville na wancan zamani yana da iyaka tun daga ƙira. Inji ne mai silinda biyu da fistin ɗinsa suke hawa da sauka tare, asalin tsarinsa na Edward Turner ne, mai zana injinan Triumph, tun ƙarshen shekarun 1930, saboda haka jijjigarsa tana kwance noti, tana fasa ƙarfe, tana kashe ƙwan fitila. Wayarin ɗin na kamfanin Lucas ne, kuma wayar batir mai alamar tarawa ce take haɗe da jikin babur, akasin abin da kowane mai gyaran wuta na yau ya saba. Giya tana ƙafar dama, birkin baya yana hagu, wanda hatsari ne ga ƙafar da ta saba da akasin haka.

A 1969 Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu, da maɓallin tayarwa, da birkin faifai a gaba, kuma ba a banza ba ne cikin 'yan shekaru masana'antun Ingila suka durƙushe. Idan hawa kake so, ƙanena, ka nemi CB750 na farkon shekarun 1970. Idan kuma ado kake so a gareji, wannan wani zance ne.

Baba Ilu Bakanike, Kano

Injiniya, ba ka faɗi ƙarya ba ko ɗaya, amma ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yaron nan bai ce a zaɓa masa babur ba, ya ce ga wanda zuciyarsa ta kama. Kuma Honda mai shekara hamsin ita ma tsohuwa ce, kafireta huɗu gare ta, idan wani ya yi mata aikin ganganci za ka gwammace ba ka san ta ba. A wannan shekaru, hannun da ya riƙe babur ya fi sunan da ke jikin tanki muhimmanci.

Hajiya Rabi, Manchester

Assalamu alaikum. Ni ba na hawa babur, amma na yi shekaru ina aikin inshora a nan, don haka bari in ƙara a kan abin da Alhaji Mansur ya faɗa. Mutanenmu da yawa suna ɗaukar V5C a matsayin shaidar mallaka, alhali a jikinta ma an rubuta cewa ba ita ba ce. Tana nuna wanda abin hawa yake hannunsa ne kawai a rajistar DVLA. Saboda haka, Nura, ka je ka ga babur ɗin a adireshin da ke kan takardar, ba a wurin ajiye motoci ko gidan mai ba, kuma sunan da ke kai ya zama na mutumin da kake ciniki da shi. Ka nemi rasit ɗin da ya saya da shi.

Ka biya 'yan kuɗi kaɗan a yi maka binciken HPI ko makamancinsa, zai nuna maka ko an ba da rahoton sace shi, ko akwai bashin kamfani a kansa, ko inshora ta taɓa rubuta shi a matsayin wanda ya lalace a hatsari. Sai dai ka sani cewa binciken bai san abin da ya faru a Amurka ba, daga ranar da aka yi masa rajista a nan labarinsa yake farawa. Tarihin gwajin MOT, wato gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, kuma kyauta ne a shafin gwamnati da lambar rajista kawai, yana komawa har 2005, amma tun watan Mayun 2018 abin hawa da ya wuce shekara arba'in ba dole ne a kai shi gwajin ba, muddin ba a yi masa babban sauyi ba. Ma'ana, wataƙila babu wani baƙon ido da ya duba birkinsa tsawon shekaru. Ni da zan saya, sharaɗina shi ne a kai shi MOT ya ci kafin in biya, ko da doka ba ta tilasta ba. Lambar da ke kan agogon mil kuwa kada ka ba ta muhimmanci, agogon ana sauya shi da noti biyu.

Malam Isuhu, Damagaram

Maganar Hajiya ta tuna mini da abin da ya same ni, kuma ina faɗa ne don Nura ya ga cewa batun lamba ba na masu tara kayan tarihi kaɗai ba ne. Shekarun baya na sayi wata tsohuwar Yamaha a hannun wani mutum ta hanyar dillali, da takardarta, da shaidu biyu, na biya la'ada. Na hau ta wata takwas lafiya. Wata rana a shingen bincike wani jami'i ya durƙusa ya kankare fentin wuyan shasi da makulli, sai ga lamba ɗaya ta fi 'yan uwanta zurfi kuma ta ɗan karkace, wato an mayar da uku ta zama takwas. Takardar gaskiya ce, amma ta wani babur ce da ya daɗe da mutuwa, aka ɗora ta a kan na sata. Babur ya koma ga mai shi, kuɗina suka bi ruwa, kuma da ba don shaidun nan biyu ba da ni ma na kwana a ciki. Wanda ya sayar mini har yau ban sake sa shi a ido ba.

Abin da na koya shi ne, daidaituwar lamba da takarda ba ta isa ba, sai ka dubi yadda aka buga lambar kanta: zurfinta, jerinta, da siffar kowane harafi. Ka nemi hoton lambar wani babur irinsa na gaskiya ka kwatanta. Tun da kana kusa da Birmingham, na ji akwai gidan tarihin babura a can, ka je ka ga na asali da idonka.

Nura, Coventry

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Ban tura kafin alƙalami ba, kuma mutumin bai ji haushi ba, ya turo hotunan uku da yammacin nan. Ga abin da na gani. Lambar shasi ta fara da AD, tana ɗauke da T120R, kuma ta yi daidai da wadda ke kan V5C. Lambar rajistar ba ta fara da Q ba. Tudun lambar inji yana da ƙananan tambarin da Alhaji ya ambata, ana ganinsu sarai, babu alamar guga. Amma lambar injin daban take da ta shasi: ta fara da EC, kuma maimakon T120R, TR6R aka buga. A kan V5C kuwa, a gurbin lambar inji, lambar shasin aka sake rubutawa. A hoton babur ɗin ina ganin kafireta biyu. Alhaji, me wannan yake nufi? Malam Isuhu, gidan tarihin da ka ce yana nan kusa da filin jirgin saman Birmingham, zan leƙa gobe in Allah ya yarda.

Alhaji Mansur, Landan

To, ka ga amfanin hotuna marasa kyau. Shasin na Bonneville ne na gaskiya, na watan Janairu, samfurin 1970, kuma R ɗin da ke ƙarshe tana nuna irin wanda aka yi wa kasuwar Amurka, wanda ya dace da labarin da aka ba ka. Injin kuwa na watan Mayu ne, samfurin 1969, kuma ba na Bonneville ba ne, na ɗan uwansa TR6 ne, wanda da kafireta ɗaya ya fito daga masana'anta. Dukansu 649cc ne a girma kuma ƙasan injin kusan ɗaya ne, babban bambancin yana a kan injin, wato murfin saman silinda, shi ya sa abu ne mai sauƙi a ɗora wa TR6 kan injin Bonneville mai kafireta biyu. An daɗe ana yin haka, wasu don ƙarin gudu, wasu don injin asali ya fashe, wasu kuma don su sayar da tsada.

Wannan ba ya nufin na sata ne, kuma kasancewar ba a goge lambar ba alama ce mai kyau, domin mai niyyar cuta da ya sake bugawa. Amma farashin da ya sa na babur mai lamba ɗaya ne. Masu sayen irin waɗannan suna darajanta samfurin 1968 zuwa 1970 fiye da sauran, saboda a 1971 aka sauya shasi zuwa wanda yake ɗauke da baƙin mai a cikin bututunsa, kujera ta yi tsawo, mutane da yawa ba su so shi ba. Mai biyan kuɗin 1970 yana so komai ya zama na 1970. Ka rubuta wa ƙungiyar masu Triumph, ko ƙungiyar tsofaffin babura ta VMCC da ke Burton upon Trent, wadda take riƙe da littattafan fitar da kaya na masana'antar, ka ba su lambobin biyu. Za su iya gaya maka ranar da kowanne ya fita da inda aka aika shi.

Injiniya Bashir, Kaduna

A ganina magana ta ƙare. Mutum ya tallata Bonneville, an samu rabinsa ne Bonneville, kuma takardarsa tana ɗauke da lambar injin da ba ya jikinsa. Ko ya sani ya ɓoye, ko bai sani ba, kuma idan bai san injin da ke cikin babur ɗinsa ba, me zai sa a yarda da zancensa na garambawul? Nura, ka bar shi, akwai wasu.

Baba Ilu Bakanike, Kano

Injiniya yana da saurin yanke hukunci. Babur mai shekara hamsin da ɗoriya wanda ba a taɓa sauya masa komai ba, ko dai ba a hau shi ba, ko kuma ƙarya ake yi. Ni da hannuna na sauya injinan da ba zan iya ƙirgawa ba, kuma masu su sun ci gaba da neman abincinsu a kai. Sauya inji ba laifi ba ne, ɓoyewa ce laifi, kuma har yanzu ba mu san ya ɓoye ba.

Amma inda na yarda da kai shi ne zancen garambawul. Wannan kalma kowa yana faɗinta, wani wanke fulogi ya yi ya sauya gasket. Ɗana, ka tambaye shi wa ya yi aikin, yaushe, kuma ina rasit na kayan da aka saya. Sannan ka yi masa tambaya ɗaya da za ta bambance maka mai gaskiya: an buɗe ramin dattin da ke cikin karanshaf an wanke? Waɗannan injina ba su da matatar mai irin ta yanzu. A cikin karanshaf akwai wani bututu da yake tara dattin baƙin mai yayin da yake juyawa, kuma idan ya cika, mai ba ya isa boris na ƙasan fistin, sai sandar fistin ta tsinke ta fasa kwanon inji. Ba mamaki abin da ya kashe injin farko ke nan. Ba a isa wurin sai an raba injin biyu, don haka duk wanda ya yi zai tuna, yawanci ma zai ɗauki hoto. Idan ya yi shiru yana kallonka, ka lissafa kuɗin kwance inji gaba ɗaya ka cire daga farashi.

Hajiya Rabi, Manchester

Ƙari ɗaya a kan takarda. Idan aka sauya inji, wajibi ne a sanar da DVLA a gyara V5C, kuma sukan nemi shaida, kamar rasit na injin ko wasiƙar garejin da ya duba. Gara shi ya gyara kafin ciniki, ba kai ba bayan ciniki. Ga kamfanin inshora kuma, ka faɗa musu gaskiyar injin tun farko. Irin wannan babur akan yi masa inshorar da ake amincewa da darajarsa tun kafin wani abu ya faru, bisa hotuna da bayanin da ka bayar, kuma idan aka sace shi ko ya ƙone aka gano bayanin ba daidai ba ne, a nan ake samun jayayya.

Malam Isuhu, Damagaram

Ko a fiƙihu ma, aibin da mai saye bai sani ba lokacin ciniki yana ba shi zaɓin mayar da kaya, amma wanda ya gani ya yarda ba shi da wannan zaɓi. Yanzu Nura ya gani. Duk abin da suka daidaita a kai, a rubuta shi a rasit da lambobin biyu kamar yadda suke, kowa ya sa hannu.

Nura, Coventry

Assalamu alaikum. Na je jiya Asabar da ƙarfe takwas na safe, kuma na bi abin da kuka ce daki-daki. Gidan shi ne adireshin da ke kan takarda. Injin yana da sanyi da na taɓa. Akwai ɗigon baƙin mai a kan kwalin da ya shimfiɗa a ƙasa, bai ɓoye ba, har ya yi dariya ya nuna mini. A bugu na uku ya tashi. Salansar hagu ta yi hayaƙi mai shuɗi na kusan minti ɗaya sannan ya ɗauke, ta dama ba ta yi ba. Na ga mai yana dawowa tanki. Ban ji dakan turmin da Baba ya kwatanta ba, amma ina shakkar kunnena. Cikin tankin fetur yana da tsabta, sai dai bututun robar sun tsage, ya ce fetur ɗin E10, mai gauraye da sinadarin ethanol, da aka fara sayarwa a 2021 ne ya cinye su kafin ya koma sayen mai tsada. Tayoyin suna da zane sosai, amma lambobi huɗu da ke gefensu sun nuna 2011 aka yi su, don haka sai an sauya.

Da na kawo zancen inji, bai musa ba. Ya ce a haka ya saye shi daga wanda ya shigo da shi, ya gane daga baya, kuma ya ce da na zo zai faɗa mini. Allah ne masanin zuciya. Ya fito da jakar takardu: shaidar NOVA, takardar mallaka ta Amurka mai lambar shasin, da rasit na fistin, ringi da bawul. Na yi masa tambayar Baba game da ramin datti. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce saman injin kawai aka yi, ba a taɓa raba ƙasan ba a hannunsa.

Na ce masa ba zan iya biyan fam 9,000 ba. Na yi tayin 6,000 bisa sharaɗi uku: ya gyara lambar inji a V5C, a kai shi MOT, kuma in jira amsar ƙungiyar da na rubuta wa. Ya ce 7,500, kuma ya yarda da sharuɗɗan biyu na farko. Mai zuwa ranar Lahadi dai bai sake ambatonsa ba. Ban hau ba, domin ba ni da inshora a kansa kuma ƙafata ba ta san giyar dama ba, shi ya hau ya zagaya ina kallo, giya huɗu duk sun shiga.

Baba Ilu Bakanike, Kano

Hayaƙin gefe ɗaya da yake ɗaukewa yawanci mai ne da ya zurara ta hanyar bawul yana kwance, amma tun da ya ce an yi saman, bai kamata ya yi ba, sai ka auna. Ka koma da ma'aunin matsin silinda, ka cire fulogi biyun, ka buɗe totur gaba ɗaya, a buga kik har allura ta tsaya. Ba yawan lambar nake so ka faɗa mini ba, tazarar da ke tsakanin hagu da dama nake so in ji. Kuma kafin ka ƙara masa ko fam ɗaya a kan tayinka, ka tambayi wani bakanike a nan garinku nawa zai karɓa ya raba injin ya wanke karanshaf.

Alhaji Mansur, Landan

Ina da ma'aunin, Nura, kuma ranar Juma'a zan bi ta Coventry a hanyata ta zuwa Birmingham, sai in kawo maka mu je tare. Zan haɗo da sifanun inci, domin na mita da kake da su ba za su kama notin wannan babur ba. Ka gaya wa dattijon tun yanzu kada ya tayar da shi kafin mu iso.